Littafin aikin hoton ruwa mai gudu: kogi ɗaya, hotuna goma sha biyu

9 ga Maris

Na yanke shawarar in riƙa rubuta abin da nake yi, don na gaji da maimaita kuskure ɗaya sau uku kafin in gane shi. Aikin shi ne hotuna goma sha biyu na kogi ɗaya da matsirgar da ke kansa (inda ruwan ke faɗowa daga saman dutse), duka da dogon buɗi, wato a bar ƙofar hasken kyamara a buɗe har ruwan ya zana tafiyarsa a jikin hoton, duwatsu kuma su tsaya cak. Kayan aikina ba su da yawa: kyamara ɗaya, ruwan tabarau mai faɗin gani na milimita 24, wani kuma mai jawo nesa, maɗori mai ƙafa uku, rimot na waya, da baƙin gilashi guda biyu masu rage hasken da ke shiga kyamara, ND64 da ND1000.

Yau fitar farko. Na ɗaura ND1000 tun kafin in saita komai, sai tagar leƙe ta yi baƙi ƙirin, kyamara ta yi ta kai da komo tana neman inda za ta kafa ido ba ta samu ba. Na ɓata kusan rabin awa ina zargin na'ura. Ashe tsarin a bayyane yake: a tsara hoto, a saita kaifi, a mayar da saitin na hannu don kada ya motsa, a auna haske, sannan a ɗaura gilashin a hankali. Da na gama koyon wannan rana ta riga ta haye kan bishiyoyi. Na dawo da hotuna goma sha ɗaya, babu na ajiyewa.

16 ga Maris

Lissafin da na rubuta a ƴar takarda na manna a murfin jaka. Kowane mataki ɗaya na haske yana ninka lokaci sau biyu. ND8 matakai uku ne, sau 8. ND64 matakai shida, sau 64. ND1000 matakai goma, wanda a gaskiya sau 1024 ne, an dai rage lambar don daɗin faɗa. Idan kyamara ta ce 1/60 na sakan ba gilashi, da ND64 zai koma kusan sakan ɗaya, da ND1000 kuma kusan sakan 17. In ta ce 1/250, ND1000 ya ba ni sakan huɗu. In ta ce 1/30, sakan 34 ke nan, kuma nan ne matsala, domin yawancin kyamarori ƙidayarsu tana tsayawa a sakan 30. Daga nan sai a koma kan harafin B, a riƙe da rimot, a ƙirga da agogo.

Wannan B ɗin ya samo asali ne tun zamanin da mai hoto yake matsa wata ƴar robar iska da hannu, ƙofar haske ta zauna a buɗe muddin bai saki ba. Robar ta tafi, harafin ya zauna.

Yau duk na yi su a sakan 30 zuwa 40. Da na gani a bayan kyamara na yi ta murna ni kaɗai a bakin ruwa: fari fat, sumul, kamar an zuba madara daga saman dutse.

18 ga Maris

Na buɗe su a kwamfuta, murna ta koma ciki. Matsirgar ta zama farin ƙyalle da aka rataya a jikin dutse. Babu zare, babu nauyi, ba ka jin ƙararta idan ka kalle ta. Wanda bai san wurin ba zai iya cewa hayaƙi ne ko auduga. Ga kuma wani jan shunayya-shunayya da ya ratsa tsakiyar hotuna huɗu. Na bincika, haske ne yake shigowa ta tagar leƙe ta baya, saboda rana tana bayana kuma fuskata ba ta rufe tagar ba. A kyamara mai madubi a ciki, sakan 30 ya ishi wannan ɗan hasken ya yi ɓarna. Akwai ɗan murfin roba a jikin igiyar rataya kyamarar, shekara biyu ina yawo da shi ban san amfaninsa ba.

Wani abin kuma, fararen wuraren sun ƙone. Idan fari ya ƙure a sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, babu abin da za a dawo da shi, ko da an ɗauka a RAW, ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Daga yau zan kunna gargaɗin da ke sa ƙonannen wuri ya riƙa ƙyaftawa, in kuma duba jadawalin haske, zanen da ke nuna yawan duhu da haske a hoto, kada ya jingina da bangon dama, ɓangaren fari. Hasken allon kyamara a cikin inuwa maƙaryaci ne, komai kyau yake yi masa.

30 ga Maris

Ranar da ta fi kowace amfani zuwa yanzu, kuma ban nemi hoto mai kyau ko ɗaya ba. Gari ya yi lumshi, haske bai canza ba kusan awa biyu. Na kafa ƙafa uku a wuri ɗaya ban taɓa shi ba, na ɗauki matsirgar a jere: 1/500, 1/125, 1/30, 1/15, 1/8, 1/4, 1/2, sakan 1, 2, 4, 8, 15, 30. Ina canza gilashi da buɗin ido, wato faɗin kafar da haske ke bi, don hasken ya zauna daidai.

A 1/500 ruwan ya daskare, kowane ɗigo a tsaye kamar fasasshiyar kwalba. A 1/30 abin ba kyan gani, bai tsaya ba bai kuma gudu ba, sai ka ce hannun mai hoton ne ya yi rawa. Daga 1/8 ya fara magana. A 1/4 da 1/2 na ga abin da nake nema tun farko ban san sunansa ba: zare-zare masu tsawo, kowanne da hanyarsa, tsakaninsu ana hango baƙin dutse, can ƙasa kuma inda ruwan ke dukan gurbi akwai sauran tashin hankali. Daga sakan 2 zuwa 30 kusan hoto ɗaya ne, bambancin sai an ƙura ido.

Da daddare na zauna na yi lissafin dalili. Tsayin matsirgar a ƙiyasina mita biyar ne. Abin da ya faɗo daga mita biyar yana ɗaukar kusan sakan ɗaya kafin ya iso ƙasa, kuma yana isowa da gudun kusan mita goma a sakan. To idan na buɗe na sakan ɗaya, kowane ɗigo ya riga ya ja layi daga sama har ƙasa. Duk abin da na ƙara bayan haka layi ne a kan layi, har sai sun cike duk wata kafa da ke tsakaninsu, shi ne farin ƙyallen nan. A rubu'in sakan kuwa, ruwan da ya fara sakin baki a sama bai yi tafiyar da ta wuce kusan santimita talatin ba, in ban da gudun da ya zo da shi, yayin da na ƙasa ya share fiye da mita biyu. Shi ya sa a hoto ɗaya sama take da ƙira da kauri, ƙasa kuma ta zama siliki. Ido yana karanta wannan bambancin a matsayin faɗuwa. Sakan 30 yana shafe shi, ya mayar da sama da ƙasa abu guda.

Na ji haushin kuɗin da na zuba a ND1000, na kusa cewa asara ce.

6 ga Afrilu

Iska. Ganyen da ke saman hoton duk sun zama koren hazo. Na ɗauki biyu ba tare da motsa kyamara ba, ɗaya rabin sakan don ruwa, ɗaya 1/125 da ISO 800 (ISO shi ne saitin saurin karɓar haske) don ganye, na haɗa su a gida. Ya yi, amma aikin goge gefen ganye ya ci min dare guda. Na gwammace in jira iska ta kwanta.

13 ga Afrilu

Na janye maganata kan ND1000. Ƙasa da matsirgar, bayan wani falalen dutse, akwai gurbi inda ruwa ke juyawa a hankali, kumfa da busassun ganye suna zagayawa a kansa. Da ido ba abin kallo ba ne, kumfa ce mai datti tana yawo. Na zauna na ƙirga, zagaye ɗaya yana ɗaukar wajen sakan ashirin. A rabin sakan hoton bai nuna komai ba. A sakan 8 na samu guntayen baka. A sakan 25 kumfar ta zana da'ira cikin da'ira kamar zanen yatsa, wani jan ganye kuma ya ja layinsa shi kaɗai ta tsakiya. Wannan shi ne hoto na farko da ya shiga cikin goma sha biyun.

Ashe tambayar da ya kamata in riƙa yi a bakin ruwa ita ce: cikin sakan nawa abin nan yake ƙetare hotona? Ruwan da ke faɗowa yana yi cikin sakan ɗaya, kumfar gurbi cikin ashirin, gajimare cikin mintuna. Kuma ruwan tabarau yana da hannu a ciki. Da mai jawo nesa, ruwan yana cika hoton ya fice da sauri, 1/15 ma yakan isa. Da mai faɗi daga nesa, ruwa ɗaya ɗin sai ya nemi rabin sakan ko fiye.

Wannan ya tuna min hoton da Louis Daguerre ya ɗauka na wani titi a birnin Faris a 1838. Buɗin ya ɗauki mintuna, saboda haka duk kekunan doki da masu tafiya suka ɓace, titin ya fito kamar ba kowa, sai mutumin da ya tsaya ana goge masa takalmi. Shi dole ce ta sa shi, kayan aikinsa ba su iya sauri ba. Mu kuma yanzu muna sayen baƙin gilashi don mu koma inda ya fito.

27 ga Afrilu

Na samo gilashin kashe ƙyalli, wanda ake rubuta CPL a gefensa. Da na san haka yake da shi na fara saye. Jiƙaƙƙen dutse da ganye suna mayar da hasken sama, su yi fari-fari a hoto. Ina juya zoben a hankali ina kallo, sai ƙyallin ya janye kamar an ɗage mayafi: dutsen ya koma baƙi mai ratsin ja, gansakuka ta yi kore shar, tsakuwar ƙasan ruwa ta bayyana. Wannan abu ne da ba a iya yi a kwamfuta daga baya, domin abin da ƙyalli ya rufe bai taɓa isa sensa ba.

Ya fi aiki idan ina kallon fuskar ruwan a karkace, wajen digiri 37 daga shimfiɗarsa. In na dubi ruwan daga sama kai tsaye, ko na kwanta ƙasa sosai, juyawar ba ta canza abu mai yawa. Yana kuma cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, wanda a wurina riba ce: da asuba a cikin inuwa, da ISO 100 da buɗin ido f/11 (girman lambar f, ƙanƙantar kafa), shi kaɗai ya kai ni rabin sakan ba tare da wani baƙin gilashi ba.

Sai dai na wuce gona da iri a wasu. Idan aka kashe ƙyallin gaba ɗaya, ruwa mai sanyin gudu yakan ɓace, ka ga duwatsu kawai kamar a busasshen rafi. Yanzu nakan juya har ƙarshe, sannan in dawo baya kaɗan, in bar wa ruwan ɗan sheƙi da za a gane shi da shi.

Na daina zuwa f/22 don neman tsawon lokaci. Na gwada dutse ɗaya a f/8, f/11, f/16 da f/22, na ƙarshen ya fi kowanne laushi, domin haske yana bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa. Ga shi kuma duk ƙurar da ke kan sensa sai ta fito ɗigo-ɗigo a kan farin ruwa. Da milimita 24 a f/11, in na kafa ido a wajen mita biyu, daga kusan mita ɗaya har ƙarshen gani yana fita da kaifi. Ya ishe ni.

11 ga Mayu

An ce a juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe. Na shiga ruwa zuwa gwiwa don in sa wani dutse a gaban hoto. Ina cire ND64 da jiƙaƙƙen hannu, ƙafata ta zame a kan gansakuka, na zaɓi in riƙe kyamara, gilashin ya tafi. Na ji ƙaramar ƙararsa a kan dutse, sannan shiru. Na lalube ƙasan ruwan har hannuna ya mutu don sanyi, na samo zoben ƙarfen kawai.

Hotunan ranar ma ba su yi kaifi ba, kuma ba laifin zamewar ba ne. Ruwa mai gudu yana kaɗa ƙafafun maɗori. In ka ɗora tafin hannu a kansa za ka ji yana rawa kamar inji na aiki a ƙarƙashin ƙasa. Ƙafar da ke kan yashi kuma tana nutsewa a hankali yayin da ruwa ke kwashe yashin ƙarƙashinta, cikin sakan goma hoton ya karkace. Abin da na rubuta wa kaina: kowace ƙafa a soke ta tsakanin duwatsu, a danna da ƙarfi kafin a ɗora kyamara. A fara zaro sassan ƙafa masu kauri. Sandar tsakiya kada a ɗaga ta ko kaɗan. A kashe na'urar hana rawar hannu, don a kan maɗori wani lokaci ita ce take haifar da rawar. A gida kuma a kwance ƙafafun a wanke yashin da ya shiga zaren, wanda ya ɗauke ni awa guda da tsohon buroshin haƙori.

25 ga Mayu

Ba ND64, sai dabara. Na ɗauki hotuna goma sha shida a jere, kowanne rubu'in sakan, na ɗora su a kan juna a kwamfuta na sa ta fitar da matsakaicinsu. Sakamakon kusan daidai yake da buɗin sakan huɗu. Yashi-yashin da ke fitowa a wurare masu duhu ma ya ragu sosai, domin a hoto goma sha shida yana raguwa kusan sau huɗu. Abin da ya fi burge ni shi ne zaɓin yana hannuna bayan na dawo: in haɗa huɗu in samu sakan ɗaya, in haɗa duka, ko in ɗauki guda ɗaya tilo in na ga shi ya fi.

Inda dabarar ta gaza shi ne gurbin kumfa. Ɗan tsaikon da ke tsakanin hoto da hoto yana yanka layin, da'irar ta fito tsinke-tsinke kamar ɗinkin hannu.

8 ga Yuni

Na tafi da ƙanena don ya riƙe min lema. Ina so in matsa kusa da gindin matsirgar, inda feshi ke jiƙa gilashi cikin sakan biyar. Tsarinmu: ya kare gaban kyamara da lema, in goge gilashin, in ce "ɗaga", in danna, ya mayar. Cikin talatin, huɗu ne suka fita ba ɗigo. Ɗigon ruwa ba ya ganuwa a ƙaramin allo, sai a gida ka tarar da shi zaune a tsakiyar hoto kamar tabon mai.

Muna cikin haka ya ce, "Yaya, dutsen da ka ajiye jaka ɗazu fa ruwa ya kusa taɓa shi."

Na ce masa ai ba a yi ruwan sama ba.

Ya ce, "A nan ne ba a yi ba."

Na duba, launin ruwan ya fara komawa ja, ƴan itatuwa da ganye suna tahowa da yawa, ƙarar ma ta yi kauri. An yi ruwa can sama inda ba ma gani. Muka tattara muka haye gaɓa. Kafin minti ashirin, inda na kafa ƙafa uku ya nutse. Mutumin da idonsa ke cikin tagar leƙe, kunnensa cike da ƙarar ruwa, shi ne na ƙarshen sanin kogi yana tasowa. Yanzu da na isa nakan soka kara a daidai bakin ruwa, in riƙa waiwayarsa duk bayan ƴan hotuna, kuma ba na tsayawa inda sai na ƙetare ruwa kafin in fita.

15 ga Yuni

Ruwa ya cika, ja wur. Ban yi zaton zai yi hoto ba, amma a 1/6 na sakan ya fito kamar narkakken ƙarfe, da jijiyoyi a jikinsa. Yawan ruwa yana son gajeren lokaci fiye da yadda na saba, don ba sauran baƙin dutse a tsakani da zai raba zaren, rabin sakan ma ya cushe shi. Ɗaya ya shiga jerin. Daga kan gaɓa na ɗauka, da mai jawo nesa.

29 ga Yuni

Na gwada bayan faɗuwar rana, lokacin da sama ke yin shuɗi. Buɗin minti biyu ba gilashi ko ɗaya. Kyamarar ta gama sai ta ƙi ba ni hoton, ta sake yin wasu minti biyun tana ɗaukar baƙin hoto da ƙofa a rufe, don ta gane ɗigon zafin sensa ta cire su. Abin yana da amfani, amma a lokacin da haske ke guduwa, minti huɗu kan kowane hoto tsada ce. Na samu biyar kacal kafin duhu. Gaba zan kashe shi, in ɗauki baƙin hoton da kaina sau ɗaya a ƙarshe da murfi a rufe. Wani abin da ban lissafa ba: haske yana raguwa a cikin buɗin kansa, don haka abin da na auna a farko ya yi kaɗan, hotuna biyu na ƙarshe sun yi duhu. Sai na riƙa ƙara rabin mataki a kan abin da lissafi ya ce.

Batir ma ya mutu da wuri. Dogon buɗi da allon da ke kunne suna shan shi.

6 ga Yuli

Na buga bakwai a takarda na shimfiɗa su a ƙasa. Biyu sun faɗi nan take: ɗaya daga cikin na sakan 30 na farko da na yi ta lallaɓawa don tausayin wahalar da na sha, da wani wanda launin ND1000 ya rina shi shuɗi har gyara ya kasa mayar da koren ganye daidai. Saura biyar. Na lura huɗu cikinsu tsakanin 1/8 da sakan ɗaya aka ɗauke su, na gurbin kumfa ne kaɗai mai tsawo. Na kuma lura duk a tsaye nake ɗauka, daga tsayin ƙirjina, shi ya sa suke kama da juna. Ban taɓa sauke kyamara dab da fuskar ruwa ba, ban kuma hau sama na leƙo bakin da ruwan ke sakin dutse ba.

Sabon ND64 yana hanya, wannan karon da ƴar jaka mai igiya da zan rataya a wuya. Karan da na soka makon jiya ya nuna ruwa ya sauka da kamar taki ɗaya. Idan ya ƙara sauka, falalen dutsen da ke gefen hagu zai fito, daga nan ne nake son gwada na saman, da asuba, kafin rana ta taɓa ruwan.